Jan Ɗigo a Ƙofar Mai Walda

Madubin mota ne ya fara faɗowa kan teburin yanka, tun kafin Mai Labule ta ɗago ta ga wadda ta jefo shi. Ya tsage gida uku, wayoyinsa na reto, ya bar baƙin maiƙo a kan farin yadin da ta shafe safiya tana aunawa.

"Ke ce Labulen Zamani?"

Wata ƙatuwar mata ce mai gilashi, tsaye a bakin ƙofa tana haki, gumi ya jiƙa mata wuyan riga.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ga tsarabar da na samo miki. Otal na gina, taga ashirin da huɗu, aka ce duk garin nan babu mai hannunki. Na rubuta sunan shagonki a waya, taswira ta kwashe ni sai can ƙarshen gari, bayan layin dogo, ƙofar wani mai walda. Na yi sallama da mutuncina, na ce mai labule nake nema. Baiwar Allah, ban rufe baki ba mutumin nan ya yar da abin waldarsa ya rarumo rodi. Wai sai na faɗa masa inda kike. Na ce da na sani me zai kawo ni ƙofarka? Sai ji na yi tas! a gefen mota. Da direbana bai taka ba, kaina ne zai zo kan teburin nan, ba madubi ba. Sai da na koma wajen wadda ta ba ni sunanki kafin na samo kwatancen wannan lungun. Wane ne shi?"

Mai Labule ta dafa tebur da hannun dama, na hagun kuma ta tura shi ƙarƙashin yadi, kamar yadda ta saba in baƙo ya shigo, don yatsu biyu na wannan hannun sun daina lanƙwasa tun bara.

"Mijina ne."

Mai Otal ta zare gilashi ta dube ta sama da ƙasa. "Mijinki?"

"Haka dai takarda ta ce. Ya ƙi ya sake ni, kotu kuma sau uku tana ɗage zama."

Hucin matar ya ragu. Ta matsa ga labulen da ke rataye a bango, ta juya kalmasar ƙasa, ta bi ɗinkin da farce tana neman inda zare ya karkace, ba ta samu ba.

"Aiki dai ba ƙarya. Zan ba ki tagogin, gobe direba zai kawo yadi. Amma ki ji ni da kyau, ki gyara abin nan na taswira. Ni na sha da madubi na kuma dawo, wata ba za ta dawo ba. Sunanki yana can yana kai wa mahaukaci mutane, ke kina nan a lungu ko allo babu a ƙofarki."

Bayan ta fita, Mai Labule ta ɗauki madubin tana juyawa. Ta san wannan bugun. Daga sama yake saukowa, ta gefen hagu, don mutumin bahago ne.

* * *

Shekara tara ta yi tana ɗinki a ɗakin gaba na gidan Mai Walda, bango ɗaya ne tsakanin kekenta da rumfar waldarsa. Ita ta raɗa wa shagon suna, ita ta koya wa kanta ninkin da ke sa labule ya zubo daidai ko iska na kaɗa shi. Shi kuwa abin da ya yi guda ne. Ranar da ya ji ana sa shago a taswirar waya sai ya sa nata, amma da lambarsa, wai matarsa ba za ta zuba lambarta a titi kowane ƙato ya tsinta ba. Hotunan aikinta suka taru a ƙarƙashin sunan, masu saye suka yi ta ba ta taurari suna yabo, duk a cikin wayar da ke aljihunsa.

Duka kuwa, kada ma ka tambaya. Mutumin nan bai taɓa rasa dalili ba. In ta tarbi mai saye da fara'a, ta cika rawar kai. In ta ɗaure fuska, tana kore musu arziki. Da rana tsaka yake yi, ƙofa a wangale, don ya riga ya gane babu mai shigowa. Maƙwabcinsu na dama rediyo yake ƙara wa murya. Ta hagu kuma sai washegari take leƙowa da man zafi tana cewa, "Ke ma ki riƙa rage baki."

Ranar yatsun, awon taga ta je wani gida, mota ta lalace a hanya, ta makara da awa guda. Tana shigowa ya jawo sandar labule ta ƙarfe, cikin waɗanda shi da kansa yake yi mata, ya kama hannunta na hagu ya shimfiɗa a kan teburin keke, ya sauke. Ƙarar ta fara ji kafin zafin. Da ta faɗi sai ya bi ta da ƙafa, da takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki, yana nufar mararta, alhali ya san cikin wata huɗu gare ta. A asibiti aka ce cikin ya tafi. Yayanta, wanda ya tsaya mata a uba tun rasuwar mahaifinsu, ya zo da ledar lemu ya zauna a gefen gado.

"Auta, sai haƙuri," ya ce. "Babu gidan da ba a yi."

Ta yi haƙurin na sati shida, har ta iya ɗaga kaya. Ranar da ya tafi kafa wa wani ƙofar ƙarfe, ta kwance kan keke daga teburinsa, ta naɗe shi a tsohon labule, ta jefa almakashi a jaka, ta fice. Mota uku ta shiga kafin ta tsallake garin. Ta kama ɗaki ɗaya a wannan lungun, gaba shago, baya wurin kwana. Wata goma sha ɗaya ke nan.

Mutanen lungun da alheri ta saye su, kuma ta san abin da take saye. Benen da ke fuskantar shagonta taga shida gare shi, duk ita ta ɗinka musu labule daga ragowar yadi, kyauta. Ta yi wa Mai Aski na ƙofa, ta yi wa Mai Kemis shuɗi na bayan kantar shagonsa. A ranta cewa take, ranar da abin ya zo, waɗannan dai ba za su ƙara wa rediyo murya ba. Allo ma ta sa an rubuta mata, katako mai kauri, Labulen Zamani da jan fenti, sai dai tun da aka kawo shi yake jingine a bayan ƙofa yana kallon bango.

* * *

Mai Kemis mutum ne mai tumbi da son a tambaye shi. Tun da ya sa kemis ɗinsa a taswira yake jin kansa rabin injiniya, ko ciwon kai ka zo da shi sai ya nuna maka jan ɗigon da ke nuna shagonsa a waya kafin ya miƙo magani.

"Wannan ai ba komai ba ne, 'yar'uwa," ya ce da ta kai masa kuka. "Ni da kike gani, har daga bayan kasuwa ake zuwa sayen maganin tari saboda ɗigon nan. Kawo wayar."

Ya rubuta sunan. Ga jan ɗigo nan zaune daram a ƙofar Mai Walda, ga hotunan labulenta a jere, ta gane kowanne: mai ruwan toka na gidan malamar makaranta, mai ratsi da ta warware sau biyu kafin ya zauna. A ƙasa kuma sabbin maganganu ne. Wata ta rubuta cewa wurin nan babu labule sai mahaukaci. Wani ya ce duk mai son ransa kada ya je. Taurarin da ta tara shekara tara suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ci mata rai fiye da yadda ta zata, har idonta ya ciko.

"Ko ki sake suna kawai," in ji Mai Kemis. "Labulen Alheri, Labulen Sa'a, suna ai ba ya ƙarewa."

"Ya karɓe min yatsu, ya karɓe min ɗa. Sunan ma in bar masa? Wallahi ba zan bari ba."

"To, to, maida wuƙar. Ga wajen nan, 'Wannan kasuwancin naka ne?' Danna. Sa sunanki. Sa lambarki. Nan kuma adireshin da shagon yake yanzu, lungu da lambar ƙofa, kada ki rage komai. Mutanen nan ba sa son kwana-kwana."

Wani dogon rubutu ya fito, ƙanana ƙanana kamar tururuwa.

"Me suka ce a nan?"

"Surutun lauyoyi ne. Ni ma ban karanta ba, ga ni lafiya lau. Danna 'Na yarda'."

Ta danna.

Shi Mai Kemis ba mugu ba ne, wannan kam dole a faɗa. Abin da bai sani ba shi ne, lokacin da ya sa nasa shagon babu wanda ya riga shi riƙe sunan, saboda haka babu wanda za a tuntuɓa. Sai da ta koma shago ta zauna cin abincin rana saƙo ya shigo: "Mun aika buƙatarki ga wanda ke riƙe da wannan kasuwanci a yanzu, tare da bayanan da kika shigar, domin ya amince ko ya ƙi. Idan bai amsa cikin kwana uku ba, za ki iya tabbatar da mallakarki da kanki."

Sau uku ta karanta. Tare da bayanan da kika shigar. Wata goma sha ɗaya tana ɓuya, tana zagaye hanya, tana ƙin zuwa babbar kasuwa don kada wani ya gane ta, sai ga shi da yatsanta ta rubuta masa lungu da lambar ƙofa. Ta tsallaka kemis ko takalmi babu. Suka danna nan, suka danna can, babu wajen fasawa, saƙo ya riga ya tafi.

Mai Kemis ya sosa ƙeya. "Ƙila ma ya canja layi. Kuma haba, 'yar'uwa, ai muna nan. Wa zai shigo lungun nan ya taɓa ki muna zaune?"

* * *

Ta kira yayanta.

"Yaya, zai zo."

"Auta, ke ma akwai neman magana. Me ya kai ki tsokanarsa a kan suna? To in ya zo ki ba shi ruwa, ki yi masa magana mai daɗi. Mutum ne fa, ba dodo ba."

"Yaya, ka ga yatsuna."

"Na gani. Ai ya yi nadama, da bakinsa ya faɗa min."

A ofishin 'yan sanda aka tambaye ta ko ya zo. Ta ce bai zo ba tukuna. Aka ce to in ya zo sai ta dawo.

Ta sayo kwaɗo na biyu. Yadin Mai Otal ya iso, mai nauyi, ruwan zuma, ta kulle kanta a ciki tana yanka, zafi na dafa ta, gumi na ɗiga kan alamar alli. Duk babur ɗin da ya shigo lungu sai ƙafarta ta tsaya a kan keke har ya wuce. Tsoro take ji, kuma tana jin haushin kanta da take jin sa. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru, ko kira babu. A safiyar kwana na huɗu saƙo ya shigo cewa mai riƙe da kasuwancin bai amsa ba, yanzu sai ta ɗauki bidiyo ta tabbatar shagon nata ne.

"Ban faɗa miki ba?" Mai Kemis ya buga tumbi. "Ya canja layi! To saurara. Abu huɗu suke so, a ɗauka guda: titi da shagunan maƙwabta, allon shago a kafe, ke kina buɗe kwaɗo da makullinki, sai kayan aiki a ciki. A cikin manhajarsu ake ɗauka, da ya cika minti uku zai tafi da kansa. Kuma ko me ya faru kada ki tsayar, ko akuya ce ta gitta. In kika yanke, sai daga farko."

Mai Aski ya hau kujera ya kafa mata allon da ƙusa biyu. Ta ja baya ta tsaya tana kallon sunan a saman ƙofarta, ta ji wani daɗi da ta manta da irinsa. Ta sa rigarta ta fita, ta ɗaura rigar aiki a kai, tef a wuya, almakashi a aljihu, don duk wanda ya kalla ya san ba aron shago ta yi ba. Sannan ta fito ta jawo ƙofa, ta datse kwaɗo biyun daga waje, tunda sai an ga tana buɗewa.

Ƙarfe goma na safe ne, lungu a cike. Mutum biyu na jiran aski, matan bene na shanya a taga, Mai Kemis a bakin ƙofarsa yana ba da umarni da hannu. Ta ɗaga waya ta danna.

Ta fara da kemis, Mai Kemis ya gyara tsayuwa ya yi wa waya murmushi. Ta juyo kan shagon aski, ta ɗaga zuwa bene, ta sauko a hankali zuwa bakin lungu. A cikin wayar ta fara ganinsa. Babur ya tsaya, mutum ya sauko, bai ko kafe shi ba, ya bar shi ya kife. Rigar aiki mai ƙunar tartsatsi, da takalmin nan. Ashe bai canja layi ba, shiru ya yi don ta saki jiki.

Ta ruga ƙofa. Kwaɗo biyu! Waya a hannun dama, makulli a hannun da yatsunsa uku ne kawai ke aiki. Ta soka, ya ƙi shiga, ta sake sokawa, makullan suka zube ƙasa. Inuwarsa ta rufe su.

"Labulen Zamani," ya karanta a hankali, kamar mai saye. "Har da allo. Kin ma yi ƙiba."

"Don girman Allah, mutane na kallo."

"Su kalla."

Marin farko ya juya ta, wayar ta yi tsalle ta faɗa jikin dakali ta jingina, kyamararta na kallon ƙofar. Ya miƙa hannu ya fizgo allon, ƙusoshin suka fito da ɓarɓashin siminti. Ya sauke mata shi a gadon baya. Ta durƙushe. Ya ƙara a kafaɗa, ya ƙara a haƙarƙari, tef ɗin wuyanta ya kama ya ja har numfashinta ya ɗauke, ya saki, ya sa ƙafa.

"Jama'a! Mai Kemis! Ku taimake ni, zai kashe ni!"

Mai Aski ya fito da injin aski a hannu, ya yi taku biyu. Mai Walda ko juyowa bai yi ba.

"Matata ce. Wata goma sha ɗaya ina nemanta. Akwai mai magana?"

Mai Aski ya tsaya cak. "Ashe mijinta ne," wani ya faɗa, maganar ta bi lungu daga baki zuwa baki, kowa ya ji ta sai ka ga kafaɗunsa sun sauka. Mai Kemis yana riƙe da ƙyauren ƙofarsa yana cewa, "A yi haƙuri, maigida, a bi a hankali," amma ƙafarsa ba ta bar dakalinsa ba. Tana kwance rigingine, jini na shiga mata ido, ta ga tagogin bene. Aka ja na farko, aka ja na biyu, har shida. Zobban suna gudu shar a kan sanda, ko ɗaya bai sarƙe ba, don aikinta ba ya sarƙewa.

Ya danne ta da gwiwa a ƙirji, ya kamo hannunta na dama yana jan sa zuwa kan dakali.

"Wancan karon na bar miki wannan," ya ce, "shi ya sa kika samu na rubuce-rubuce."

Ta gane abin da zai yi. Wannan hannun shi ne keke, shi ne almakashi, shi ne abincinta. Yatsu ukun nan na hagu suka shiga aljihu da kansu. Ta zaro almakashi ta luma masa a cinya iya ƙarfinta, ta murɗa. Ya kurma ihu ya yi baya, jini ya yi tsartuwa kan rigarta.

Sai ga lungu ya farka! Mutanen da ƙafarsu ta ƙi ɗaguwa ɗazu suka taso kamar an kora su.

"Subhanallahi, za ta kashe shi!"

"Ke! Mijinki ne fa!"

Mai Aski ya cafke hannun hagu ya murɗe har almakashin ya faɗi. Masu jiran aski suka danne ƙafafu. Mai Kemis, da tumbinsa da komai, shi ya riga kowa isowa, ya kama wuyan hannunta na dama ya danne a kan dakali yana haki, "Natsu, 'yar'uwa, natsu, kada ki jawo wa kanki!" Tana ihu tana cewa su sake ta, su duba bayansu, babu mai ji. Mai Walda ya miƙe yana ɗingishi, ya ɗauki allon da hannu biyu, ya juya gefensa, ya ɗaga sama ta hagu ya sauke. Riƙon da suka yi mata mai kyau ne, hannun ko motsi bai yi ba.

Sai a lokacin suka janye shi. Aka jawo masa kujerar aski, wani ya kawo ruwa, Mai Kemis ya ruga ya ɗebo auduga da bandeji ya durƙusa gaban cinyarsa. A jikin dakali wayar ta yi 'yar ƙara, minti uku sun cika.

* * *

Ƙashi huɗu aka ce sun karye a hannun. Aka yi ɗori, likita ya ce a jira a gani, bai kuma yarda ya haɗa ido da ita ba. Mai Otal ta aiko direba ya kwashe yadinta, da gaisuwa da addu'a. 'Yan sanda sun shiga lungu sun ɗauki bayani, mutum bakwai, kuma abin mamaki dukkansu almakashi suka gani. Kafin almakashi kowa yana ciki yana harkar gabansa.

Yayanta ya zo ranar kwana takwas, da ledar lemu.

"Auta, Allah ya rufa asiri. Ya yafe. Ya ce ba zai bi maganar almakashin ba in kin koma ɗakinki. In ba haka ba gidan yari ne, shaidu bakwai fa. Kuma da wane hannun za ki ci abinci?"

"Akwai bidiyo, Yaya."

"Wane bidiyo?"

"Wayar tana ɗauka. An ce kada in tsayar, ban tsayar ba. Ta ga komai tun daga saukowarsa."

Rabonta da jin ƙarfi irin wannan tun ranar da aka karya mata hannu. Duk lungu ya ce bai gani ba, to ga wanda ya gani, kuma shi babu ruwansa da mijin wa ne. Ta sa aka kira Mai Kemis, don shi ya tsinci wayar. Ya shigo yana kallon tayil ɗin ƙasa, ya ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Gilashin wayar ya tsage amma tana aiki. Ya duba cikin hotuna, ya duba cikin bidiyoyi, ya koma ya sake dubawa.

"Ba ya nan. A manhajarsu aka ɗauka, wajensu ya tafi. Amma ga saƙo sun aiko."

"Karanta."

Ya gyara murya. "Mun duba bidiyonki. Ba mu iya tabbatar da cewa ke ce mai wannan kasuwanci ba. Dalili na ɗaya, allon da ke ɗauke da sunan ba a kafe yake a jikin gini ba. Dalili na biyu, ba a ga mai nema tana buɗe ƙofa da makulli ba. Domin kare sirrinki, mun goge bidiyon bayan dubawa. Za ki iya sake gwadawa."

Ta ɗago ta dube shi.

"Mai Kemis, mutum ne yake kallo, ko na'ura?"

"Wallahi ban sani ba. An ce wani lokacin mutum ne."

Ta juya fuska bango. Ta so a ce na'ura ce.

Ranar da aka sallame ta, yayanta ya tsayar da tasi suka biya ta lungu. Shi ya buɗe kwaɗo biyun, ya kwance kan keke, ya naɗe shi a tsohon labulen da ta zo da shi, ya sa a bayan mota. Ita tana zaune a kujerar baya, hannu rataye a wuya, tana kallon ramin ƙusa biyu a saman ƙofa. An wanke dakalin tas. Tagogin bene duk a buɗe suke yau, ana shan iska. Mai Aski ya ɗago hannu ya ce Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya daidaita tsakani.

"Ina muka nufa?" in ji direba.

Yayanta ya fara kwatancen gidan Mai Walda ya rikice, don ya jima bai je ba, kuma an ce an toshe tsohuwar hanya ta wajen layin dogo. Sai ita ta yi wa direba magana daga kujerar baya.

"Ba ka da taswira a wayarka? Rubuta Labulen Zamani."

Direba ya rubuta, ya saƙala wayar a gaban sitiyari. Jan ɗigo ya fito, hoton labule mai ruwan toka a ƙarƙashinsa. Mota ta ɗaga, wata murya mai laushi ta cika ta.

"Minti arba'in zuwa Labulen Zamani. Wurin yana buɗe yanzu."